Wa Ya Fi Kowa Busa Algaita a Tasawa da Mayahi? Ko Sunayensu Ba Mu Riƙe Ba



Kwanan baya wani ƙanena da ke karatu a Yamai ya turo mini wani kiɗa ta WhatsApp, ya ce: «Yaya, saurari mai busar nan, ka gaya mini me ya tuna maka.» Na saurara. Wallahi in ka cire fiyano da gangunan Turawa da ke bayansa, sai ka ce ranar hawan sallah ce a ƙofar fada. Ashe wani Ba'amurke ne baƙar fata mai suna John Coltrane, abin da yake busawa kuma shi ake kira saksofon, ƙaraminsa miƙaƙƙe mai siririyar murya, wanda suke ce wa sofrano.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da yaron ya ƙara. Ya ce masoya kiɗan jaz har yau gardama suke kan wa ya fi kowa iya busa wannan abu, kuma kowa na da sunan da zai kawo.

Wasu su ce Sidney Bechet ne, haifaffen New Orleans a 1897, wanda ya fara fito da sofrano fili, ya ƙare rayuwarsa a Faransa a 1959. Wasu su ce Coltrane ne, saboda faifansa My Favorite Things da ya fito a 1961, inda ya ɗauki wata ƴar waƙa mai sauƙi ya yi kusan minti 14 yana jujjuya ta. Ya rasu a 1967 yana da shekara 40 kacal. Wasu su kawo Steve Lacy, wanda ya ajiye sauran kayan busa ya riƙe wannan guda har mutuwarsa a 2004. Wasu kuma su ce Wayne Shorter, da ya rasu a 2023. Sun san ranar da aka ɗauki kowane faifai, sun san wa ya koya daga wa.

To, ni tambayar da na yi wa kaina ita ce na kawo muku: a Tasawa da Mayahi, wa ya fi kowa busa algaita? Na yau, ko na zamanin iyayenmu. Ku kawo sunaye biyar. Ni dai na ƙirga na kasa kai uku, kuma a nan aka haife ni.

Mawaƙa mun riƙe su. Yaro ƙarami zai faɗa maka Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata. Amma mutumin da ke tsaye kusa da doki, kumatunsa sun kumbura, rana na dukansa tun hantsi har azahar, sunansa ɗaya a bakinmu: «mai algaita». Kamar ba uwa ce ta haife shi aka yanka masa rago ba.

Kada wani ya ce ai abin nasu ya fi namu wuya. Saksofon wani ɗan Beljiyam ne mai suna Adolphe Sax ya ƙera shi, ya yi masa rajista a Faris a 1846, kuma yana da maɓallai wajen ashirin da ke taimakon yatsu. Algaita fa? Itace ne aka fafe aka rufe da fata, da ɗan bututun ƙarfe, da faifan da leɓe ke dogara da shi, da ɗan karan ciyawa a baki. Ramuka huɗu. Da waɗannan ramuka huɗu mutum zai faɗi taken sarki, ganga ta amsa masa, tsoho na cikin ɗaki ya ce: «Ga wane nan ya iso.» Magana ce suke yi da busa, wanda ya san harshen yana ji.

Ga kuma maganar numfashi. A 1997 wani mai busa sofrano, Kenny G, ya riƙe sauti guda sama da minti 45 bai yanke ba, aka sa shi a littafin Guinness, duniya ta yi ta mamaki. Dabarar ita ce ka tara iska a kumatu, ka riƙa turo ta yayin da kake shaƙar wata ta hanci. Ƴan uwa, wannan ba ita ce dabarar da masu algaita ke yi gabanmu kowace sallah ba? Can abin kai wa littafi ne. Nan sai mu ce wa yara: «Dubi kumatunsa kamar kwaɗo», mu yi dariya.

Abin da zai ba ku kunya tare da ni shi ne su can sun san darajar abinmu. Yusef Lateef, ɗaya daga cikin manyan masu busa na jaz, Musulmi ne, ya baro Amurka ya zauna Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello kan kiɗan Najeriya, musamman sarewar Fulani. Mutumin da ya haye shekara 60, wanda duniya ta sani, ya zo ya zauna gaban makiyaya yana koyo. Mu da abin ke ƙofar gidanmu fa?

Zan fara da laifin kaina. Bara na je wani biki a wani ƙauye kusa da Mayahi. An yi hayar manyan lasifika, wani saurayi na juya waƙoƙin sutudiyo, an biya shi kuɗinsa tun kafin ya ɗaura waya. Gefe guda ga wani dattijo zaune da algaita a cinya, da ɗansa mai ganga. Sai da janareta ya mutu aka tuna da su. Da ya sa ta a baki, tsofaffin mata suka miƙe, wata ta rangaɗa guɗa. Na fiddo salula na ɗauka, na ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, na sa a Facebook na rubuta «al'adarmu». Ban tambayi sunansa ba. Da na koma bayan damina na neme shi, aka ce ya rasu, ɗan kuma ya tafi Agadas neman kuɗi. Algaitar tana rataye a ɗaki. Hoton na nan a wayata, ba suna.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko: wannan sana'ar roƙo ce, wa zai so ɗansa ya gaje ta? Gaskiya ne haka muke kallonta, kuma shi ya sa ƴaƴansu ke gudu. Amma jaz ma a unguwannin talakawa baƙar fata ya tashi, manyan gari na ƙyamar sa. Da aka fara rubuta sunayen masu yinsa, ana ɗaukar su a faifai, ana biyan su, sai kallon ya canza. Raini ba ya cikin itacen algaita, a idonmu yake.

Na biyu: wasu za su kawo maganar addini. Wannan fagen malamai ne, ban shiga ba, kuma wanda ya zaɓi ya nisanci kiɗa ina girmama shi. Amma masu hayar lasifika su kwana suna rawa ba don tsoron Allah suka bar mai algaita zaune ba. Kada mu fake da abin da ba shi ne dalilinmu ba.

Na uku: a ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta algaita? Haka ne. Sai dai abin da nake roƙo ba ya cin buhun gero ko ɗaya.

Kuma kada mu ɗauka kayan kiɗa ba ya mutuwa. A ƙasar nan tamu biram, molon Buduma na bakin tafkin Chadi, saura mutum guda ya rage da ya iya shi, Bukar Tar. Sai da Malam Mamman Barka ya tashi ya je ya zauna wurinsa ya koya, sannan duniya ta ji shi. Barka ya rasu a 2018. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya, inda ake ajiye kayan kiɗan gargajiya. Madalla da ita. Amma algaita a cikin gilashi itace ce kawai, numfashin yana ƙirjin mutum.

Ga abin da nake ganin za mu iya. Duk wanda ya ɗauki mai busa da salula, ya tsaya ya gaishe shi, ya tambayi sunansa da na wanda ya koya masa da garinsu, ya rubuta ƙarƙashin hoton. Gidajen rediyonmu na karkara su ware ko rabin awa a mako, su gayyato su ɗaya bayan ɗaya, su busa take su fassara shi da baki, a adana sautin. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku: ku ne kuka fi kowa sanin gidajen da suka gaji busa, a sa magatakarda ya rubuta su. Masu biki kuma, in kun ware kuɗin lasifika, ku ware na mai algaita tun farko, a yi ciniki kamar yadda ake yi da kowane mai sana'a, ba sai abin da aka liƙa masa a goshi ba.

Sannan mu yi gardamar. Eh, mu yi ta! Na Korgom su ce nasu ya fi, na Kanambakashe su ce ƙarya ne, na Urafan da na Maijirgi su kawo nasu. Wa ya fi dogon numfashi? Wa ya fi sanin take? Wa ke sa doki rawa? Inda ake gardama kan gwani, nan yaro ke sha'awar zama gwani.

Ni na rasa sunan dattijon nan, kuma ba zan ƙara ba. Wanda ya san mai algaita a garinsu, mai rai ko wanda ya riga mu, ya rubuto mana sunansa da garinsa. Waɗanda suka rasu Allah ya jiƙansu, mu kuma ya sa mu cika da imani.