Baƙin Dubai da Maganar Wasiyya

Baƙi waɗanda ba Musulmi ba da ke aiki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, har da 'yan Nijeriya, sun daɗe suna fargabar yadda za a yi da dukiyarsu in sun mutu can. A da, in ba wasiyya, kotu kan iya raba ta bisa gādon Musulunci.

A 2015 aka buɗe musu ofishin rajistar wasiyya a cibiyar harkokin kuɗi ta Dubai. Sa'an nan dokar 2022, wadda ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu 2023, ta ce in babu wasiyya, rabi na matar ne ko mijin, rabi na 'ya'ya, mace da namiji daidai wa daida.

To, kada wannan ya sa mutum ya miƙe ƙafa. Tsofaffin iyayen da ya ke ciyarwa a gida ba su da ko kwabo muddin akwai mata da 'ya'ya. Banki kuma kan rufe ajiyar mamaci har kotu ta ba da izini, iyali na zaune ba kuɗin cefane.

Dokar ta yarje wa mutum ya bar wa wanda ya ga dama. Sauran ya rubuta, ya yi rajista tun yana da rai.