Dajin da Mutanen Kirki Suka Daina Shiga

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, tun kafin gari ya waye, motoci ke yin jerin gwano a babbar hanya mai lamba 395 da ta ratsa gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutanen birni ne, da matansu da 'ya'yansu, da tantuna da sandunan fatsa, sun nufi duwatsun Sierra Nevada. A ranar ce ake buɗe kakar kamun kifi a manyan tafkunan yankin, bayan an rufe su tun tsakiyar Nuwamba. Akasarin wuraren da suke nufa suna cikin gandun dajin Inyo, wanda gwamnatin tarayya ta keɓe a 1907, mai faɗin kusan eka miliyan 2. A kan iyakarsa dutsen Whitney yake, mai tsayin mita 4,421. A can mutum zai kafa tantinsa a bakin ruwa, ya kwana cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, da asuba ya jefa ƙugiya, da hantsi ya gasa abin da ya kama, yara suna ta guje-guje a gefensa.

A wajensu, idan maigida ya ce mako mai zuwa a daji za a kwana, murna ake yi a gidan. Mu kuwa a yau, idan aka ce wane ya kwana a daji, salati ake sakawa, dangi su fara tunanin gonar da za a sayar a biya kuɗin fansa. Wannan bambancin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ban yarda cewa arziki kaɗai ne ya kawo shi ba. Tsari ne, kuma tsarin yana da sassan da kowa zai iya gani ya ƙirga.

A 1891 majalisar Amurka ta ba shugaban ƙasa ikon keɓe dazuzzuka, saboda masu saran katako da masu kiwo sun yi wa na yammacin ƙasar mummunar ɓarna. A 1905, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, aka kafa hukumar kula da gandun daji a ƙarƙashin ma'aikatar gona, Gifford Pinchot ya zama shugabanta na farko. Yau hukumar tana riƙe da gandun daji 154, waɗanda idan aka haɗa su da filayen ciyawa da ke hannunta sun kai eka miliyan 193. Wato kimanin murabba'in kilomita 780,000, fiye da kashi huɗu cikin biyar na faɗin Najeriya baki ɗaya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba a kulle waɗannan dazuzzuka aka hana kowa shiga ba. Wata doka ta 1960 ta lissafa amfanin da aka tanade su dominsa: shaƙatawa, kiwo, katako, kare mafarin ruwa, da namun daji da kifi. Makiyayi yana shiga da shanunsa idan yana da takardar izini, wadda ta ƙayyade yawan dabbobin da watannin da za su yi. A 2024 kuɗin da ake biya dala 1.35 ne a wata kan saniya da ɗanta. Mai yankan katako yana shiga inda aka auna masa. Mai son kwanan daji, a yawancin wurare, ko sisi ba zai biya ba idan ya zaɓi ya yada zango nesa da sansanonin da aka gina, amma akasari ba zai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, zai ja tantinsa nesa da bakin ruwa, zai binne bayan gidansa, zai kwaso shararsa ya fito da ita. A Kalifoniya sai da takardar izini zai hura wuta a wajen sansani, kuma idan rani ya tsananta a hana gaba ɗaya. Suna da dalili. A 2013 wutar da wani maharbi ya hura ba bisa ƙa'ida ba a gandun dajin Stanislaus ta ƙone fiye da eka 250,000.

Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan ido ne a cikin dajin. Mai takardar izini sunansa yana rubuce a wani littafi, an san ranar da ya shiga da ranar da ya kamata ya fito, akwai hanyar mota da ake gyarawa saboda shi, akwai ma'aikacin da albashinsa ya dogara ga zuwansa. Hawan dutsen Whitney ma sai an yi ƙuri'a, domin daga Mayu zuwa farkon Nuwamba mutum 100 ake bari a rana su hau su sauko, sai 60 masu kwana. Dajin da ake ƙirga masu shigarsa haka, ɓarawo ba ya samun sukunin kafa gari a cikinsa.

A nan zan tsaya a kan kifi, domin shi ne ya fi nuna yadda abin ke juyawa. Duk wanda ya kai shekara 16 a Kalifoniya sai ya sayi lasisi kafin ya jefa ƙugiya, kuma a yawancin tafkunan nan kifi biyar ne iyakarsa a rana. Akwai rafukan da dole ka mayar da abin da ka kama cikin ruwa da ransa. Tun 1950 kuma gwamnatin tarayya ke karɓar harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan fatsa, ta rarraba wa jihohi don aikin kifi. Sai dai akwai sharaɗi guda da nake ganin shi ne ginshiƙin komai: jihar da ta karkatar da kuɗin lasisi zuwa wani aiki daban, ta rasa wannan tallafi. Ba dama gwamna ya kwashe kuɗin masu fatsa ya yi titi ko ya biya bashi da su. Kuɗin ruwa ruwa suke komawa, a gina wuraren ƙyanƙyasar kifi, a biya masu gadi, a biya masu bincike. Kusa da garin Independence har yanzu akwai wani gidan ƙyanƙyasar kifi da aka gina da dutse tun 1917. Mutum yana biya da daɗin rai ne idan ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Kada mai karatu ya ɗauka ba sa kuskure. Yawancin tafkunan da ke can ƙololuwar Sierra Nevada asali babu kifi a cikinsu. Mutane ne suka riƙa kai wani kifin ruwan sanyi da suke kira tirawut, da farko cikin gwangwanaye a bayan alfadarai, daga baya har da jirgin sama ake zubawa. Masu fatsa sun ji daɗi, amma kifin ya cinye 'ya'yan wani kwaɗo mai rawayar ƙafa da ke zaune a wurin tun fil azal, ga kuma wata cuta da ta auka masa, har yawansa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, a 2014 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Yanzu ma'aikata na bin wasu tafkunan da raga suna kwashe kifin da magabatansu suka zuba. Haka tirawut mai ruwan zinare, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifinta tun 1947, kuma asalinsa 'yan rafukan saman kogin Kern ne kawai. Shanu sun tattake gaɓar rafukan, ƙasa ta zube, ruwa ya baje ya yi ɗumi, kifin ya shiga wahala. A 2001 hukumar dajin Inyo ta dakatar da kiwo na shekara goma a makiyaya biyu na yankin. Ba a kori makiyaya daga dajin baki ɗaya ba, ba a kira su maƙiya ba. An auna ɓarnar, an hutar da wurin da ya gaji, aka bar sauran. Wannan shi ne aikin hukuma mai ido a ƙasa.

Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ba. Yankin Inyo yana da masu shi tun kafin Turawa su iso, ƙabilun Paiute da Shoshone, kuma da ƙarfin bindiga aka raba su da mafi yawansa. Ruwan kwarin Owens da ke gindin duwatsun, birnin Los Anjalis ya janye shi ta doguwar magudana tun 1913, har tafkin Owens ya ƙafe. Ba na roƙon mu kwaikwayi wannan. Sannan ko a can, lungunan da ƙafar mutane ba ta kaiwa, miyagu sun mayar da wasunsu gonakin wiwi, suna zuba guba a rafuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a Kalifoniya ne ko a Birnin Gwari.

To mu waiwayo gida. Kamuku, Rugu, Kuyambana, Falgore, Sambisa, duk gandun daji ne na hukuma, da iyaka da doka a takarda. Dattawanmu sun san zamanin da malamin daji ke zagaye, ana tsoron a sare icce ba izini, ana share layin wuta kafin kaka ta wuce. Sannu a hankali aka daina ɗaukar ma'aikata, motoci suka mutu, gidajen gadi suka rushe, burtali ya zama gona, makiyayin kirki ya rasa wanda zai kai wa ƙara. Da hukuma ta fita, mai fatsa da maharbi da mai ɗiban zuma suka rage shiga, sai mai bindiga ya gaji wurin. A watan Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince a ɗauki dakarun tsaron dazuzzuka. Na yi maraba da hakan, domin ba wanda zai ce a kai yara Rugu su kwana a halin da ake ciki, kuma dole ƙarfi ya fara gaba. Amma soja yana korar ɓarawo ne ya koma bariki. Idan ba a bi bayansa da hanya, da ofishi, da izinin kiwo, da mutanen da ke da halattacciyar sana'a a cikin dajin ba, wani ɓarawon zai dawo kafin damina ta zagayo.

Kuma ba mu rasa abin da za mu fara da shi ba. Gandun Gashaka-Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa, wanda aka mayar na tarayya a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ya haura murabba'in kilomita 6,000. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Rafukansa irin su Mayo Kam suna gangarowa garau daga duwatsu su ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Akwai giwan ruwa a cikinsu, akwai tsage mai haƙora, kifayen da masu fatsa na ƙasashen waje ke tsallako teku dominsu. Akwai kuma keɓaɓɓun wurare a saman duwatsun da doka ta bar makiyaya su zauna. Wato kusan duk kayan haɗin da Inyo ke da su muna da su, har da matsalar, domin masu saran madobiya don kai wa Sin sun yi wa dazuzzukan Taraba kaca-kaca a shekarun baya. Amma a tambayi ɗaliban sakandare a Kano ko Zariya wa ya taɓa jin sunan Chappal Waddi, a ga hannu nawa za a ɗaga.

Dokar hutar da ruwa ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Argungu, Sarkin Ruwa ke da iko da Matan Fada, kuma ana hana su a wurin har sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga ta. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016. Sarkawa sun san lokacin da kifi ke ƙwai, sun san illar raga mai ƙananan idanu, sun fi kowa jin zafin mai zuba gamalin a tafki ya kashe uwa da 'ya'ya don kwando biyu. Abin da suka rasa shi ne hukumar da za ta tsaya musu.

Na san za a ce mai fatsan Kalifoniya nishaɗi ya je yi, masuncinmu kuwa abincin iyali yake nema. Gaskiya ne, kuma saboda haka ba irin lasisi ɗaya za a yanka musu ba. Masuncin ƙauye a yi masa rajista ta hannun sarkin ruwansa, kyauta ko da ɗan abin da ba zai dame shi ba, a ba shi murya a kan ranar rufe ruwa da ranar buɗewa. Attajirin Abuja ko baƙon da ya zo da sandar fatsa ta dubban daloli, shi ya biya da tsada. Sannan a rubuta a doka, kamar yadda Amurkawa suka yi wa kuɗin lasisin fatsa, cewa kuɗin ƙofa da na lasisi da na izinin kiwo ba za su fita daga dajin da aka karɓe su ba, kuma wani kaso na garuruwan da ke kewaye ne. In ba haka ba, sabon haraji ne kawai aka ƙirƙira, kuma jama'a za su guje masa da hujja.

Ina kira ga majalisun dokokin Taraba, Adamawa, Bauchi da Kano, da majalisar tarayya a kan gandun da ke hannunta, su fara da wannan sharaɗi guda na hana karkatar da kuɗin daji. Hukumomin makarantu kuma su mayar da ziyarar gandun Yankari da na Gashaka cikin tsarin shekara, a duk inda jami'an tsaro suka tabbatar hanya lafiya take. Kai kuma mai karatu, idan Allah ya hore maka, a ranin bana ka tuntuɓi ofishin gandun Gashaka-Gumti da ke Serti, ka ji halin da hanya ke ciki, ka ɗauki ɗan jagora daga cikin ma'aikatansu, ka biya kuɗin ƙofa ka karɓi rasit, ka kai yaranka su kwana ɗaya a bakin Mayo Kam.