SHARHI: Awon Lokacin Aiki Da Kwamfuta, Mudun Da Ya Rage Wa 'Yan Kasuwar Gombe

A kasuwar Tudun Hatsi da ke cikin garin Gombe babu ɗan kasuwar da zai yarda ya sayar da masara ko wake da ka. Sai an kawo mudu an auna, an ƙidaya, sa'an nan a ɗinke buhu, domin kuwa mai saye da mai sayarwa duk sun san abin da ba a auna ba ba a san kuɗinsa ba. Amma da za a bar kasuwar a shiga maɗaba'u da shagunan buga takardu da kwamfuta, ko ofisoshin akantoci da lauyoyi da masu zanen gidaje, sai a tarar kullum ana sayar da wata haja mai tsada ba tare da awo ba. Hajar nan ita ce lokacin ma'aikaci. Yawancin masu irin waɗannan wurare suna iya faɗin adadin takardar da ta rage a sito da litar man da janareta ya sha jiya, amma in an tambaye su sa'o'i nawa aiki kaza ya ci, sai su koma ga kintace.

Wannan al'amari bai dami kowa ba a zamanin da arzikin Gombe yake kan abin da ake ɗorawa a sikeli. Auduga ce ta fara ɗaga garin, musamman bayan an kafa masana'antar gurzarta a 1956, kana jirgin ƙasa ya iso a 1963. To, amma tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya zama mazaunin ma'aikatu da 'yan kwangila, sa'an nan aka kafa jami'ar jihar a 2004. Ma'aikatu da ɗalibai da 'yan kwangila kuwa ba sa rabuwa da takarda, daga takardun neman kwangila da zanen gini har zuwa lissafin haraji da kundin kammala karatu. Ta haka aka sami ɗimbin masu sana'a waɗanda babban jarinsu shi ne sa'o'in da mutum yake yi a gaban kwamfuta. A 2021, da kuma 2023, Majalisar Shugaban Ƙasa mai kula da sauƙaƙa harkokin kasuwanci, wato PEBEC, ta sanya Gombe a matsayi na ɗaya cikin jihohin ƙasar nan wajen sauƙin gudanar da kasuwanci. Sai dai sauƙin buɗe kamfani daban, sanin ko kamfanin yana cin riba daban.

Gwamnatin jihar ce ta fara nuna wa jama'a cewa na'ura tana iya riƙe lissafin lokaci. A 2021 gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta shigo da tsarin dangwala yatsa a ma'aikatu, inda ma'aikaci zai nuna zuwansa da tashinsa, kuma a wannan shekara Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar dakatar da albashin ɗaruruwan mutanen da ba a ga alamarsu a wurin aiki ba. Lalle wannan mataki ne da ya dace da cutar da aka yi shi dominta, wato ma'aikatan bogi da masu fashin aiki. Amma abin da na'urar dangwala yatsa take iya shaida shi ne mutum ya shigo da safe ya fita da yamma. Abin da ya wakana tsakanin shigowa da fita ba ta san shi ba. Ɗan kasuwa mai ma'aikata biyar ko goma ba ya fama da ma'aikatan bogi, tun da yana ganin kowa da idonsa. Abin da ya ɓace masa shi ne inda sa'o'in nan takwas suke tafiya.

A nan ne manhajar awon lokaci take da amfani. Manhaja ce da ake ɗora wa kwamfutar ofis, kuma iri biyu ce. Iri na farko kamar agogon alƙalin wasa yake: ma'aikaci zai rubuta sunan aikin da na mai aikin, ya danna agogo ya fara tafiya, in ya gama ko ya koma wani aiki ya tsayar da shi. Toggl, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Istoniya a 2006, da Clockify suna cikin wannan rukuni. Iri na biyu ita da kanta take lura da takardar da aka buɗe da tsawon lokacin da aka yi a kanta, daga baya mutum ya zo ya rarraba sa'o'in ga ayyukansu. ManicTime da ActivityWatch irin wannan ne, kuma suna iya ajiye bayanan a cikin kwamfutar ba sai da intanet ba. A ƙarshen mako sai a fitar da jadawali mai nuna cewa aikin wane ya ci sa'o'i kaza, gyara ya ci kaza, jira ya ci kaza.

Amfanin wannan jadawali ba ya fitowa sosai sai an haɗa shi da Naira. A watan Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a wata. Idan ma'aikaci yana aiki kwana 22 a wata, sa'a takwas kowace rana, ya yi sa'o'i 176 ke nan, wato kowace sa'a ta tashi kimanin Naira 398. To, a ƙaddara cewa cikin sa'o'in nan takwas, biyar ne kaɗai suke shiga aikin da wani zai biya, sauran ukun sun tafi wajen jiran wuta da jiran mai aiki da sake gyaran abin da aka riga aka gama. Sa'o'in da ake sayarwa sun koma 110, kuɗin kowace sa'a kuwa ya haura Naira 630, tun ba a sa kuɗin haya da man janareta da lalacewar na'ura ba. Mai shagon da ya yanka farashinsa bisa lissafin farko yana sayar da hajarsa ƙasa da yadda ta tsaya masa, kuma ba zai gane ba sai ranar da ya rasa kuɗin sayen tawada.

Alal misali, a ɗauka wani ɗan kwangila ya kawo takardun neman aiki a shirya masa, aka yi jinga a kan Naira 5,000 bisa zaton aikin sa'a biyu ne. Sai ya dawo sau uku yana canza alƙaluma, aikin ya ƙare a sa'a shida. A littafin ciniki za a rubuta an sami Naira 5,000, kowa ya yi murna. A jadawalin lokaci kuwa za a ga an sayar da sa'a a kan Naira 833 maimakon 2,500 da aka yi niyya, kuma an bar ƙananan ayyuka huɗu ko biyar suna jira har masu su suka tafi wani shago. Sau da yawa babban abokin ciniki, wanda ake tashi tsaye in ya shigo, shi ne mafi ƙarancin riba. Tun da can Bahaushe ya san bambancin jinga da aikin yini, ya kuma san wanda bai iya ƙiyasta gona ba shi jinga take kayarwa. Manhajar nan ƙiyasin gona take koya wa mai aikin ofis.

Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ar da aka yi da wutar janareta ta fi sa'ar wutar kamfani tsada nesa ba kusa ba. Mutanen Gombe ba su manta da 2024 ba, shekarar da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe a watan Afrilu, sa'an nan a watan Oktoba yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu. Mai jadawalin lokaci zai iya ware ayyukan da ke bukatar manyan injuna ya tara su a lokaci guda, ya san sa'o'in janareta nawa kowane aiki ya ci, ya kuma sami hujjar lissafi in yana shawarar sayen na'urar hasken rana.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. A 1888 wani maƙerin agogo a Amurka, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ma'aikata suke buga lokacin zuwansu, kuma kamfanin da ya yi ta ƙera shi yana cikin waɗanda suka haɗu daga baya suka zama IBM. Wani lauyan birnin Boston, Reginald Heber Smith, shi ya shahara da sa lauyoyin ofishinsa su riƙa rubuta lokacinsu a guntayen mintoci shida-shida, da nufin sanin abin da kowace shari'a take ci. Har ila yau masanin harkokin gudanarwa Peter Drucker ya shawarci shugabannin kamfanoni su fara rubuta yadda lokacinsu yake tafiya kafin su tsara shi, saboda abin da mutum yake zato ya yi da yininsa da wuya ya dace da abin da ya yi a zahiri.

Sai dai tarihin nan yana ɗauke da gargaɗi, kuma shi ne ya fi cancanta 'yan kasuwar Gombe su saurara. A 1911 Frederick Taylor ya wallafa littafinsa kan tafiyar da masana'anta bisa awo, a wannan shekara kuma ma'aikatan masana'antar makamai ta Watertown suka yi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo, har daga baya majalisar dokokin Amurka ta hana amfani da irin wannan agogo a masana'antun soja. A 2020 bankin Barclays na Ingila ya janye wata manhaja mai bin diddigin ma'aikata bayan sun yi ƙorafi a kanta. A 2024 kuwa bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma bisa zargin sun yi dabarar da za ta nuna kamar suna danna madannan kwamfuta alhali ba aiki suke yi ba. Darasin a fili yake. Duk ranar da aka mai da mudu bulala, mutane za su koyi cika shi da ƙaiƙayi. Mai gidan da ya ce zai yanke albashi da jadawalin lokaci zai wayi gari da jadawali mai kyan gani wanda babu gaskiya a cikinsa, ya yi asarar lissafi ya kuma yi asarar amana.

Bugu da ƙari, akwai maganar doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman a kan haka. Dokar ta bukaci mai tattara bayanan mutum ya kasance yana da halattaccen dalili, ya sanar da shi, kuma kada ya tara fiye da abin da bukata ta kai. Wasu manhajoji suna ɗaukar hoton fuskar kwamfuta lokaci-lokaci, kuma a ofishin lauya ko akanta irin wannan hoto yana iya kwashe sirrin abokin ciniki tare da na ma'aikaci. Wanda burinsa sanin kuɗin aiki ne ba shi da bukatar wannan.

Akwai masu cewa tsarin ya saɓa wa al'adarmu, tun da ma'aikaci a ƙaramin shago galibi ɗan'uwa ne ko yaron gida, kuma yini ba ya rabuwa da salla da jana'iza da gaisuwar baƙi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma maganinta mai sauƙi ne. A ware wa salla da cin abinci da zumunci gurbinsu a jadawali, a ɗauke su a matsayin abin da aka san da shi tun farko, a gina farashi a kan sa'o'in da suka rage. Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani: manhaja madannai take gani, ba ta ganin tunanin da mai zane ya yi kafin ya ja layi, ko rabin sa'ar da aka yi ana lallashin abokin ciniki. Dillalin hatsi da tela da makaniki kuwa, waɗanda aikinsu ba a kwamfuta yake ba, littafi mai layi huɗu ya wadatar da su: rana, aiki, farawa, gamawa.

Saboda haka ya kamata mai son gwadawa ya fara da kansa, ya auna lokacinsa na mako huɗu kafin ya nemi kowa ya yi. Bayan nan ya tara ma'aikatansa ya bayyana musu manufa, ya yi alkawarin ba za a taɓa albashi da sakamakon ba, kuma kowa zai ga jadawalinsa. A taƙaita rukunan aiki kada su wuce shida ko bakwai, a tabbatar akwai gurbin jiran wuta da gurbin gyara, domin a nan yawancin ɓarnar take ɓuya. A ƙarshen wata sai a zauna a dubi farashi: aikin da ya saba wuce ƙiyasi a ƙara masa kuɗi, gyara na biyu da na uku a yanka musu lada tun wajen jinga. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na jihar da Hukumar SMEDAN da sashen koyar da aikin akanta na Jami'ar Jihar Gombe suna iya taimakawa da ɗan gajeren horo, tun da abin da ake bukata ya fi karkata ga lissafi fiye da sanin kwamfuta.

Malam Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. A wannan zamani da albashi da mai da haya duk suka tashi, shagon da ya san abin da sa'arsa ta tsaya masa shi zai iya faɗa wa abokin ciniki farashi ya tsaya a kai, ya kuma san ranar da ya dace ya ce a kai kasuwa.