Nakasassu a Bakin Masu Barkwanci

A ƙarni na 17 an yi wani mai zane a ƙasar Holan ana kiran sa Adriaen van de Venne (1589 zuwa 1662), wanda ya yi suna wajen zana guragu da makafi da mabarata cikin tsummoki, suna rawa ko suna dambe da sandunansu. Yakan kuma rubuta 'yar maganar shaguɓe a jikin zanen. Attajirai ke sayen waɗannan zane-zane su rataya a ɗakunansu, wato mai ƙoshi ne ke biyan kuɗi don ya yi wa mayunwaci dariya.

Bahaushe bai gaji irin wannan zane ba, amma abin da Baturen ya yi da fenti shi ya yi shi da baki. Karin magana da tatsuniya da wasannin tashe cike suke da makaho da kuturu da gurgu da kurma. Alal misali, akan ce makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. Akan kuma ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. A magana ta biyu makaho ya zama ma'auni kawai, wanda mai lafiya ke auna sa'arsa da shi. Haka finafinan barkwanci na Hausa suka ɗauki gadon, inda in'ina da ɗingishi kan isa su sa 'yan kallo dariya ba tare da an faɗi wani abin hikima ba.

Sai dai kuskure ne a yi wa maganganun kuɗin goro. Wanda ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, ai mai talla yake yi wa ba'a, wadda ƙyamarta kan gushe da zarar ta ga kuɗi. Kuturun ne ya yi nasara a nan. Bugu da ƙari, al'ummar da ta yi waɗannan maganganu ita ce ta naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Kutare, ta ba su gurbi a tsarin sarauta. Kuma a Zariya aka yi Aliyu Namangi, makaho, mai waƙar Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Makafi sun daɗe suna rera baitocinsa a ƙofar masallatai da bakin kasuwa, masu idon kuma na tsaye suna ɗaukar karatu.

Saboda haka ra'ayin masu cewa a tsame irin waɗannan karin magana daga manhaja ba shi da ƙarfi, domin yaro zai ji su a gida ko a kan titi, inda babu mai yi masa bayani. Abin da ya wajaba a kan malamin Hausa shi ne ya kawo su aji, ya sa ɗalibai su gano wa ake yi wa dariya, kuma wa ke yin ta. Wannan ma shi ne nazarin adabi na haƙiƙa, ya fi haddar ma'ana nesa ba kusa ba.

A shekarar 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Nijeriya, amma doka ba ta shiga aji ta zaɓa wa malami misali. A makarantun firamare akan samu yaron da shan-inna ta taɓa, yana zaune a layin gaba da sandarsa. Idan malami ya jefa karin maganar gurgu don aji ya yi armashi, yara arba'in za su juya su dube shi, kuma sunan da za su kira shi da shi a filin wasa ya samu ke nan.