Me Ya Sa Har Yau Yaranmu Ba Su Rabu Da CJ Ba?

Yau zan ɗan kauce wa zancen littattafai in taɓo wasan gem, kodayake duk wanda ya taɓa ƙirƙirar tauraron labari zai ga zancen bai yi nisa da gida ba.

Kamfanin Rockstar ya fitar da wasan GTA San Andreas a watan Oktoba na 2004 a kan na'urar PlayStation 2, kuma ya sayar da kwafi sama da miliyan 17 a kan na'urar nan kaɗai. Fiye da shekara ashirin ke nan, amma daga shagunan gem na birnin Kano har zuwa wayoyin samari a Ƙaraye da Rogo da ƙauyuka irin su Kurugu, za ka tarar ana tura juna wasan nan kamar jiya ya fito. Wasu na cewa don ba shi da nauyi ne, tsohuwar na'ura ma tana ɗaukarsa. Akwai gaskiya a ciki. Ni dai a ganina babban dalilin shi ne jikin tauraron wasan, wato Carl Johnson da aka fi sani da CJ, yana jin maganar hannu.

Bari in fayyace. A wasan Vice City na 2002, Tommy Vercetti yana zaune a gari mai kewaye da teku, amma da zarar ya faɗa ruwa mai zurfi shi ke nan, ya mutu. Ka ɗauko ɗan Ƙaraye da ya tashi yana kallon masunta a madatsar ruwa ta Challawa, ka ce masa ga ƙaton da ke tare 'yan daba goma shi kaɗai amma bai iya iyo ba, ai dariya zai yi maka. Da CJ ya zo sai aka warware wannan. Yana iyo, yana nutso har numfashinsa ya kusa ƙarewa, yana kama katanga ya haura, kuma abin hawan farko da aka ba shi keke ne. Ka riƙe maɓallin X ya yi gudu, ka riƙa dannawa da sauri ya ƙara wuta, a kan keke kuwa kowane dannawa kamar taka feda ne. Babban yatsanka yana gajiya, shi ma CJ yana haki. In ka cika kai shi gidan cin kaza ya yi teɓa, gudu ya ragu, tsalle ya gagara, sai ka kai shi gidan motsa jiki. Wato nauyin jikinsa abu ne da kai mai wasa ka jawo, kuma kai za ka gyara.

To sai dai kuma kamfanin ya bi wata hanya daga baya. A GTA IV na 2008 sun sa wata fasaha mai suna Euphoria, wadda ke lissafa yadda jiki zai yi tangaɗi ko ya faɗi idan an bangaje shi. Abin sha'awa ne a ido, babu musu. Amma Niko Bellic sai ya zama kamar amalanken shanu, ka ce ya juya, sai ya ɗan zagaya tukuna. A Red Dead Redemption 2 na 2018 abin ya kai maƙura. Arthur Morgan ba ya gudu a cikin sansaninsu ko da kana sauri, in zai buɗe durowa sai ka zauna ka kalle shi yana jawowa, in zai feɗe dabba sai ka jira ya gama. Masu yabo suna cewa haka rayuwa take, kuma jinkirin ne ke sa ka ji mutum ne mai tsoka da ƙashi. Ban ƙi ba, wasan yana da kyau ƙwarai. Amma akwai bambanci tsakanin gajiya da jinkiri. Gajiya ta tauraro ce, kai kake sarrafa ta. Jinkiri kuwa an ƙwace linzami ne daga hannunka na ɗan lokaci ana nuna maka gwanintar masu zane. Wasan Zelda na 2017, Breath of the Wild, ya gane haka: kana iya hawa kusan kowane dutse nan take, amma da ma'aunin ƙarfi da ke ƙarewa, in ka yi ganganci ka faɗo.

Wannan bambanci ya fi damun mu fiye da Bature. Shi yana falonsa, wutarsa ba ta ɗaukewa, pad ɗinsa sabo ne. Yaronmu kuwa kuɗi ya biya na 'yan mintoci, janareto na cin mai, wasu huɗu na tsaye a kansa suna jiran layi, ga sandar analog ta saki saboda hannu ɗari sun murza ta, har tauraron kan riƙa tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. In ka haɗa pad mai jinkiri da tauraro mai jinkiri, me ya rage na wasa? San Andreas yana yafe wa lalataccen pad, shi ya sa ya zauna da mu.

Ba wai ba shi da aibu ba. Duk wanda ya bi jirgin ƙasa a kan babur da Big Smoke a baya, ko ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ya san inda maɓallan ke cin amana. Sigar waya kuma da ta fara fitowa a ƙarshen 2013 ta rage daɗin, domin gilashi ba ya gaya wa yatsa ko ya danna ko bai danna ba, sai ka ga yaro ya rufe rabin allon da yatsunsa yana neman birki. Kuma iyaye su sani, wasan nan na manya ne, haka aka rubuta a jikin kwalinsa, akwai kisa da ashar a ciki.

Yanzu da samarinmu suka fara koyon haɗa gem a kwamfuta, shawarata gare su ita ce kafin su zana Dutsen Dala ko kasuwar Kurmi, su fara da fili fetal da mutum ɗaya. Su gwada tafiyarsa da tsohon pad na shago, su miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu ba tare da bayani ba, su tsaya su ga ko zai nemi a ƙara masa lokaci.