Masu Shan Hantsin Ƙasar Norwe Ba Su Yi Wauta Ba

Ranar Talatar da ta wuce gardama ta kaure a ajin SS 2 bayan darasin Jogarafi, har ta biyo mu ɗakin da ƙungiyarmu ke taro. Malam ne ya nuna hoton wasu matasa a ƙasar Norwe, sun jingina da bangon wani ɗakin katako a kan dutse, dusar ƙanƙara kewaye da su, sun lumshe ido sun tara fuska ga rana, kowa da lemon zaƙi a hannu. Aji ya bushe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, waɗannan ba su da aikin yi ne?" Wata ta ce kuɗin man fetur ne ya yi musu yawa. Mun zauna mun tattauna, kuma matsayarmu ita ce waɗannan matasa sun san abin da suke yi, mu ne muka yi gaggawar dariya.

Kafin komai sai mun gyara wata kalma. In aka ce "bazarar Turai", hankalinmu yakan tafi watan Afrilu na garinmu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, fanka na hura wuta, ana rububin ƙanƙara a bakin get. Tasu daban ce. Lokaci ne da dusar ƙanƙara ke narkewa, rafuka su cika, 'yan furanni rawaya su fara leƙowa a gefen hanya. A birnin Oslo zafin rana a watan Afrilu yakan tsaya wajen digiri 10. Da a nan ne, da rabin aji sun zo da rigar sanyi biyu, sauran kuma sun makara.

To me ya sa suke murna da digiri 10? Saboda abin da suka baro a baya. Duniya a karkace take juyawa, da kusan digiri 23 da rabi, kuma iya nisan ƙasa daga tsakiyar duniya, iya yadda wannan karkacewa ke taɓa ta. A Kano, bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da rabi ba, shi ya sa ba mu damu da lissafin ba. A Oslo kuwa, a ƙarshen Disamba hasken rana kusan awa 6 ne kacal. Yaro ya tafi makaranta cikin duhu, ya dawo duhu na shirin rufawa. Can arewa a garin Tromso, wanda ke kimanin kilomita 350 bayan da'irar Aktik, rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Ranar da ta sake leƙowa daga bayan duwatsu, wajen 21 ga Janairu, har biki ake yi, a raba wa yara wani irin burodi mai zaƙi. A ƙasar ce aka saba ba yara man hantar kifi duk tsawon lokacin sanyi, domin jiki na buƙatar hasken rana kafin ya haɗa bitamin D, hasken kuma babu.

Mu da kanmu mun san wani abu makamancin haka. Wane ne a cikinmu bai taɓa rakuɓewa jikin bangon aji yana shan hantsi ba a watan Janairu, hannu a hammata, leɓe a tsage? Mu muna jiran hantsin ne na dare ɗaya. Su sun jira shi watanni.

Yadda suke fitar ma abin dubawa ne. Abokai uku ko huɗu su sa rana, kowa ya ɗauko jakar goyo. A ciki akwai yankakken burodi da cuku an naɗe a takarda, filas na shayi ko kofi, lemon zaƙi, da wani cakulan mai suna Kvikk Lunsj da ake sayarwa tun 1937. Sai ɗan abin shimfiɗa don kada sanyin ƙasa ya ratsa mutum. Shi ke nan. A Oslo, jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakin daji, tashar ƙarshe tana dab da tafkin Sognsvann, wanda kewaya shi da ƙafa kilomita 3 ne da 'yan kai. A hutun Ista kuma, da yawa sukan haura duwatsu inda dusar ba ta gama narkewa ba, su yi zamiya a kanta da safe, da rana su jingina da bango kamar yadda muka gani a hoton. Suna da kalma guda ta wannan ɗabi'a, friluftsliv, wato rayuwa a sararin iska, kuma marubucinsu Henrik Ibsen ya yi amfani da ita tun 1859.

Wannan shekarar kaɗai ta isa ta ba 'yar'uwarmu mai maganar fetur amsa. Amma bari mu ƙara mata. Ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar, DNT, an kafa ta a 1868. Dokar da ta tabbatar wa kowa 'yancin shiga daji an yi ta a 1957. Babbar rijiyar mai ta Ekofisk kuwa sai a 1969 aka gano ta. Ke nan tun Norwe na ƙasar masunta da manoma, dubban 'ya'yanta na ƙaura zuwa Amurka neman abinci, mutanenta ke ɗaukar burodi su shiga daji. Fetur ya ƙara musu takalma masu tsada, wannan gaskiya ne, amma ya tarar da al'adar a zaune.

Dokar 1957 ɗin ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Ta ce duk filin da ba gona ba ne, ba harabar gidan wani ba, kowa na iya ratsa shi da ƙafa, ko da kuwa yana da mai shi. Kana iya tsinkar 'ya'yan itatuwan daji da naman kaza. Kana iya kafa tanti ka kwana biyu ba tare da neman izini ba, muddin ka ba gidan da mutane ke ciki tazarar mita 150. Amma ga sharaɗin: ka rufe ƙofar shinge in ka buɗe, kada ka firgita dabbobi, kada ka bar shara. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji ko kusa da shi, domin busasshiyar ciyawar da dusa ta bari ba ta da wuyar kamawa. Ƙungiyar DNT tana da ɗakunan kwana sama da 500 a duwatsu da dazuka. A wasu daga cikinsu babu mai gadi babu mai awo. Ka buɗe, ka ɗebi abincin gwangwani a kanta, ka rubuta abin da ka ci, ka biya da kanka. Da muka karanta wannan a taronmu, sai aka yi tsit, sannan wani ya tambaya ko kantin makarantarmu zai kai awa nawa a irin wannan tsari. Ba wanda ya amsa.

Kada a ɗauka fitar ba ta da haɗari. Lokacin narkewar nan shi ne ƙanƙarar saman tafki ke yin siriri ta rufta da mutum, dusa kuma ta zaftaro daga kan dutse. A hutun Ista na 1967 mutane fiye da goma sun mutu a duwatsun ƙasar sakamakon mummunan yanayi. Abin da ya biyo baya ya kamata malamanmu su lura da shi. Ba a rufe duwatsu ba. DNT da ƙungiyar agaji ta Red Cross sun tashi haiƙan wajen yaɗa ƙa'idojin hawan dutse, waɗanda har yau yara ke tashi da su: ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, ka duba hasashen yanayi, ka riƙe taswira da kamfas, ka auna tafiya da ƙarfinka, in abu ya gagara ka juya da wuri, babu abin kunya a ciki.

Ba komai nasu muke yabawa ba. Ranar farko da rana ta yi daɗi, wasu wuraren shan giya suke cikawa, wannan kuwa ba namu ba ne. Kuma a filayen shaƙatawa na Oslo akan wayi gari da tarin kwanonin gashi na yarwa da robobi, duk da dokar da muka gama yabo. Ashe ƙazami ba shi da ƙasa.

Yanzu mu dawo gida. Zango nawa ke nan rabon da a fita da wani aji a makarantar nan? 'Yan JSS 1 da JSS 2 ba su ma san ana yi ba. Muna zana dutse da kwari da rafi a littafin Jogarafi, muna haddace sunayen bishiyoyi a darasin Aikin Gona, alhali yawancinmu ba za mu iya bambance marke da ƙirya ba in an tsayar da mu gabansu. Dutsen da muke hange ta tagar ɗakin karatu, mutum nawa ne suka taɓa hawansa tare da abokan ajinsu?

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Tsaro babbar magana ce, iyayenmu na da dalilin fargaba, motar haya kuma ta yi tsada. Ba mu ce a kai mu nesa ba, ba mu ce a kwana ba. Kuma ba a watan Afrilu ba, domin wanda ya kwaikwayi 'yan Norwe ya tara fuska ga ranar Afrilun nan, asibiti zai kwana. Lokacinmu shi ne bayan saukar ruwan farko, sa'ad da ƙura ta kwanta ƙasa ta yi ƙamshi, ko kuma ƙarshen damina kafin hunturu ya yi tsanani.

Don haka ga roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malamanmu masu girma: safiyar Asabar ɗaya a zango, aji ɗaya a lokaci guda, wurin da ƙafa za ta kai kuma hukuma ta amince da shi. Kowa ya kawo takardar izinin iyayensa da gorar ruwansa da ɗan abin da zai ci. A bar jerin sunaye a ofis, a ƙirga mu wajen fita a ƙirga mu wajen dawowa, a dawo kafin azahar. In malam ya ce a juya, a juya ba gardama. Mu 'yan ƙungiyar nan mun ɗauki nauyin buhunan kwashe shara, kuma za mu rubuta rahoton tafiyar a wannan allo, har da sunan ajin da ya bar leda a baya.

Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk ɗalibin da ke goyon baya ya rubuta sunansa da ajinsa kafin ranar Alhamis, domin ranar Juma'a bayan taron safe za mu miƙa ta ofis.