Kada a ba ɗan mage parasitamol

Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, kowane ɗan kasuwa ya san amfanin mage a mangaza: ita ke tsare buhunan gero da wake daga ɓarnar ɓera. To amma in ta haihu, ƴaƴanta na cikin haɗari. Ƙyaure ya matse wannan, buhu ya faɗo wa wancan, ko yaro ya taka shi cikin duhu.

Abin da ke damuna shi ne yadda jama'a ke rugawa wurin mai tallar magani su sayo parasitamol, wai don tausayi. Ƴan uwa, wannan guba ce ga mage! Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar ta ɗan Adam. Ƙwaya guda mai miligiram 500 na iya kashe babbar mage, balle jariri: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Dettol ma kada a shafa, tunda mage tana lasar jikinta.

A sa shi cikin kwali da tsumma mai ɗumi, nesa da yara. A wanke ciwon da tafasasshen ruwa da ya huce, da ɗan gishiri. In yana jan ƙafa, kada a ce za a yi masa ɗori a gida. Likitan dabbobin da ke duba ragonka na layya shi ne nasa.

In kuwa zafin ciwo ya sa ya cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan ka nufi asibiti, domin mage ma tana ɗaukar cutar haukan kare.